Antonio Díaz-Miguel, kocin wucin gadi da ya shekara 27 yana jan ragamar ƙwallon kwandon Sipaniya

A shekarar 1965 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar Sipaniya ta wayi gari ba ta da mai horar da ƙungiyar ƙasa, bayan tafiyar Pedro Ferrándiz. Sai ta miƙa riƙon ƙwarya ga wani tsohon ɗan wasa da bai daɗe da fara horarwa ba, kafin a samo wanda ya fi shi suna. Wannan mutum, Antonio Díaz-Miguel, bai sauka daga kujerar ba sai a 1992, wato bayan shekaru 27.

An haifi Díaz-Miguel a garin Alcázar de San Juan da ke lardin Ciudad Real, a farkon shekarun 1930. A Madrid ya yi karatu, a makarantar Ramiro de Maeztu, wadda daga cikinta ne kulob ɗin Estudiantes ya samo asali, kuma a wannan kulob ya fara taka leda a manyan wasanni. Daga nan ya koma Real Madrid a ƙarshen shekarun 1950, inda ya ci kofin gasar ƙasa, kafin ya ƙarasa wasansa a ƙungiyar Águilas ta birnin Bilbao. Ya kuma sa rigar ƙasarsa, har yana cikin tawagar da ta ci lambar zinariya a wasannin ƙasashen tekun Bahar Rum a Barcelona a 1955.

Lokacin da ya karɓi aikin, ƙwallon kwando ba shi da wani babban matsayi a Sipaniya idan aka kwatanta da ƙwallon ƙafa, kuma Tarayyar Sobiyet ce ke riƙe da nahiyar Turai, Yugoslabiya na biye da ita. Díaz-Miguel ya ga cewa ilimin wasan yana Amurka, don haka ya riƙa zuwa can a kai a kai yana halartar atisayen jami'o'i. Ya ƙulla abota da manyan masu horarwa irin su Bob Knight da Dean Smith da Lou Carnesecca, ya dawo gida da dabarun tsaro mai tsanani da kai hari cikin sauri, waɗanda suka dace da ƴan wasansa da galibi ba su kai abokan hamayyarsu tsawo ba.

Sakamakon farko ya zo a gasar Turai ta 1973 a Barcelona, inda Sipaniya ta doke Sobiyet a wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare da lambar azurfa bayan ta sha kashi a hannun Yugoslabiya. A gasar duniya ta 1982 a Kolombiya ta doke Amurka ta kuma zo ta huɗu. Shekara guda bayan haka, a Faransa, ta sake fitar da Sobiyet, ta sake ɗaukar azurfa bayan Italiya ta yi nasara a wasan ƙarshe.

Ƙololuwar aikinsa ita ce gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984. Da ƴan wasa irin su Juan Antonio Corbalán da Epi da Fernando Martín da Fernando Romay da Andrés Jiménez, Sipaniya ta doke Yugoslabiya da maki 74 da 61, ta kai wasan ƙarshe. A can ta gamu da Amurka ta Michael Jordan, wadda abokinsa Bob Knight ke horarwa, aka tashi 96 da 65. Gaskiya ne Sobiyet ta ƙaurace wa wasannin na wannan shekara, amma lambar azurfar ta sauya matsayin wasan a ƙasar. Saboda bambancin lokaci, jama'a sun riƙa hana idonsu barci har asuba suna kallon talabijin, yara da dama kuma suka rungumi ƙwallon kwando daga lokacin.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Manyan ƴan wasansa sun fara tsufa, Fernando Martín ya rasu a haɗarin mota a 1989, ƴan jarida kuma suka fara cewa lokacinsa ya wuce. Lambar tagulla da ya samo a gasar Turai ta 1991 a Roma ta ɗan kwantar da ƙura, amma ba ta daɗe ba.

A Olamfik ta 1992, a gida Barcelona, Sipaniya ta kara da Angola, zakarar Afirka a lokacin, wadda Jean-Jacques Conceição ke cikin taurarinta. Mutane da yawa sun ɗauka wasan zai zo da sauƙi, sai Angola ta lallasa masu masaukin baƙi da maki 83 da 63. Har yau ƴan Sipaniya na kiran wannan rana da Angolazo, yayin da a Afirka ake lissafa ta cikin manyan nasarorin nahiyar a wannan wasa. Sipaniya ta ƙare a matsayi na tara, aka sallami Díaz-Miguel, Lolo Sainz ya gaje shi.

Bai daina aiki ba. Ya horar da kulob ɗin Cantù na Italiya na ɗan lokaci, sannan ya karɓi ƙungiyar mata ta Pool Getafe, ya ci kofin gasar Sipaniya da ita a 1997. A wannan shekarar ce aka shigar da sunansa zauren girmama gwarzayen ƙwallon kwando na Naismith da ke Springfield a Amurka, ya zama ɗan Sipaniya na farko da ya samu wannan karramawa.

Díaz-Miguel ya rasu a Madrid ranar 21 ga watan Fabrairun 2000 bayan fama da cutar kansa. Ya kai ƙasarsa wasannin Olamfik har sau shida. Bai ga kofin duniya da su Pau Gasol suka ɗauka a Japan a 2006 ba, kuma sai a 2008 Sipaniya ta sake kai wasan ƙarshe na Olamfik, shekaru 24 bayan wanda ya jagoranta.