Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Amanar Daular Sakkwato

Idan ana nazarin Daular Usmaniyya, hankali yakan tafi ga mutum uku: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Sai dai shekaru ashirin na mulkin Bello, daga 1817 zuwa 1837, sun jingina ƙwarai a kan wani mutum da bai taɓa neman gadon sarauta ba, wato Usmanu ɗan Abubakar Sambo Laima, wanda aka fi sani da Giɗaɗo.

An haifi Giɗaɗo a wajajen 1776. Yana cikin jama'ar Shehu tun kafin jihadin 1804, kuma amincinsa da Bello ya ƙullu tun suna samari. Ya auri Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta haifa masa 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir. Wannan aure ya shigar da shi cikin gidan Shehu, amma bai ba shi haƙƙin gadon mulki ba. Hakan ya sa Bello ya iya danƙa masa asirin daula hankali kwance, domin ba shi da wata hanya ta zama abokin hamayya.

Gwaji na farko ya zo ne da rasuwar Shehu a 1817. An yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, Abdullahi kuwa ya koma Gwandu ransa a ɓace, yayin da tawaye ya tashi a wurare da dama, har da na Abdussalami a Kware. Giɗaɗo na daga cikin waɗanda suka tsaya kai da fata wajen tabbatar da mubaya'ar. Bayan da Bello ya kai wa baffansa ɗauki a Kalambaina aka sasanta, sai muƙamin waziri, wanda Abdullahi ya riƙe a zamanin Shehu, ya tabbata a hannun Giɗaɗo ba tare da jayayya ba.

Aikinsa mafi nauyi shi ne zama ƙofa tsakanin Sarkin Musulmi da masarautun gabas, musamman Kano da Zazzau. Ta hannunsa wasiƙu suke fita, shi yake rangadi ya ji ƙorafi, ya sa ido kan naɗin sarakuna da abin da ake aikowa baitulmali. A zamanin wazircinsa ne Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, kuma Ɗantunku ya ƙi yi masa biyayya, aka shafe shekaru ana gwabzawa a arewacin Kano, har Bello ya raba gardama da amincewa da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Irin wannan rikici, inda ɓangarorin biyu duk masu tuta ne, takobi ba ya kashe shi. Sai da jakada mai haƙuri wanda kowa ya yarda maganarsa ita ce ta Sarkin Musulmi.

Akwai shaidar baƙo a kan kyautarsa. Bature ɗan Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya isa Sakkwato a 1824, ya kasance a ƙarƙashin kulawar Giɗaɗo, kuma ya rubuta cewa ya tarar ana gina sabon masallaci wanda wazirin ya ɗauki nauyinsa. Ya sake dawowa a 1826, lokacin da dangantaka da Borno ta yi tsami, ya rasu a Afrilun 1827. A duka ziyarorin biyu, Giɗaɗo ne ya shiga tsakaninsa da Bello, yana kyautata wa baƙo ba tare da ya saki maslahar ubangidansa ba.

Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, Giɗaɗo ya ci gaba da wazirci a ƙarƙashin Abubakar Atiku. A 1842, da Aliyu Babba ɗan Bello ya hau, sai ya ajiye muƙamin yana da ransa, ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi. A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa ga rubutu. Ya bar Raulul Jinan a kan rayuwar Shehu da karamominsa, da Al-Kashfu wal Bayan a kan Bello, littattafan da har yau masana tarihi suke komawa gare su domin sanin mutanen jihadi da tsarin jama'ar farko. Ya rasu a wajajen 1850, Nana Asma'u ta yi masa marsiyya.

Wazircin Sakkwato ya zauna a zuriyarsa, Giɗaɗawa, ta kan Waziri Buhari wanda ya fuskanci zuwan Turawa a 1903, har zuwa Waziri Junaidu da ya riƙe muƙamin daga 1948 zuwa 1997. A gidan nan ne aka adana wasiƙu da littattafan da nazarin daular ya dogara da su, don haka duk mai karanta tarihin Sakkwato ya kamata ya tuna cewa kaso mai yawa nasa ya zo mana ne ta idon gidan waziri.