Bishof Samuel Ajayi Crowther

An haifi Ajayi a Osogun, ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka faɗa wa garin, suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun fataken bayi na Fotugal. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirginsu, aka sauke shi a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya zama malamin makaranta kamar yadda mu ma muke shirin zama.

Ni dai ba naɗinsa bishof a 1864 ya fi ba ni mamaki ba. Cikin maharan nan akwai Musulmi. Da wani ne, da ya riƙe abin a zuciya har kabari. Shi kuwa ya bar wa Ubangiji. Da aikin bishara ya kai shi bakin Kwara, ya riƙa zuwa Bida gaida Sarki Masaba da ladabi, yana muhawara da malamai ba zagi. A ganina, da yana da ƙullin fansa, da wuya aikin Lokoja ya zauna.

Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.