Umaru Ganda: Ɗan Dakon da Ya Mallaki Muryarsa

Duk mazaunin Yamai ya san Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda, inda ake taruwa domin wasan kwaikwayo, kiɗa da bukukuwa. Sai dai da yawa daga cikin matasan da ke shiga ƙofarta ba su san mai sunan ba. A takardun gwamnati ana rubuta sunansa Oumarou Ganda, bisa ƙa'idar Faransanci. Tsohon soja ne, tsohon ɗan dako, ɗan wasan silima kuma mai shirya fim. Rayuwarsa gajera ce, shekara arba'in da biyar, amma ta tayar da tambayar da ta shafi duk mai nazarin harshe: wa ke da ikon ba da labarin mutum, kuma da wane harshe?

An haife shi a Yamai a 1935, cikin iyalin Zabarmawa, lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. A nan ya yi karatun firamare. Yana da shekara goma sha shida, a 1951, ya shiga rundunar da Faransa ke turawa Gabas Mai Nisa domin yaƙin Indoshin, yankin da ya ƙunshi Biyetnam, Lawos da Kambodiya a yau. Yaƙin ya ƙare da shan kashin Faransa a Dien Bien Phu a 1954. Da aka sallame shi a 1955 ya komo gida, amma bai sami aikin yi ba. Sai ya bi sawun dubban samarin Nijar na zamanin, ya nufi bakin teku neman abinci. Ya sauka a Abijan, ya zauna a unguwar Treichville, yana dako a tashar jiragen ruwa.

A can ne ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen masanin al'adu da ya daɗe yana bincike a tsakanin Songai da Zabarmawa, wanda a lokacin yake nazarin ƴan ci-rani. Rouch ya ɗauke shi aikin tattara alƙaluman binciken, daga baya kuma ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un Noir, wanda aka ɗauka a 1957 ya fito a 1958. Fim ɗin yana bin rayuwar samarin Nijar a Treichville: wahalar ranakun aiki, dambe da rawa ranar Asabar, yawo ranar Lahadi, sannan komawa ga dako ranar Litinin. Samarin sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin silimar da suke kallo. Umaru ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Petit Touré kuma ya zama Eddie Constantine.

Yadda aka yi fim ɗin shi ne abin lura. Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar sauti, saboda haka hotuna kawai aka ɗauka. Daga baya aka nuna wa Umaru hotunan, shi kuma ya riƙa magana a kansu yadda ta zo masa, ba tare da rubutaccen zance ba. Wani lokaci yana bayyana abin da ake gani, wani lokaci yana zance da kansa, yana mafarkin zama zakaran dambe ko mai mota, yana kuka da talauci. Faransancinsa na titi ne, irin na ƴan ci-rani, ba na littafi ba. A ƙarshen fim ɗin yana tafiya a gefen ruwa yana ba abokinsa labarin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana kwatanta yadda ake harbi da yadda ake mutuwa. Fim ɗin ya sami kyautar Louis-Delluc ta 1958, kuma matasan masu shirya fim na Faransa, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi ƙwarai.

To amma a nan gizo ke saƙar. Rayuwar da aka nuna tasa ce, kalmomin nasa ne, amma sunan da yake amsawa na ɗan wasan Amurka ne, harshen na mai mulkin mallaka ne, fim ɗin kuma da sunan Rouch aka san shi. Duniya ta ji muryar Umaru, amma ta bakin ƙofar wani. Ana iya karanta sauran rayuwarsa a matsayin ƙoƙarin gina tasa ƙofar.

Bayan ya komo Yamai ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima ta Cibiyar Al'adun Faransa da Nijar, inda ya koyi aikin kyamara da haɗa hotuna. Zamani ne da silimar Nijar ke tasowa bayan samun ƴancin kai a 1960; Mustafa Alhassan ya riga ya fara fitar da finafinansa. A 1968 cibiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim, Umaru ya rubuta Cabascabo. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da ɗan kuɗi a aljihu. Abokai da maroƙa suka kewaye shi, da kuɗin suka ƙare kowa ya watse, har ya rasa mai mutunta shi ko a wurin aikin leburanci. A ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi ƙauye domin noma. Umaru da kansa ya fito a matsayin Cabascabo, tare da Zalika Sule, wadda ta ci gaba da fitowa a finafinansa. Labarin da ya taɓa bayarwa da Faransanci cikin ƴan mintoci a gefen ruwan Abijan, yanzu ya shimfiɗa shi da kansa, mutanen cikinsa suna magana da Zabarmanci. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na 1969.

Daga nan ya juya ga al'amuran cikin gida. Le Wazzou polygame, na 1970, labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙwallafa rai kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alƙawarinta. Ya aure ta ta zama ta uku, kishi ya kai ga zubar da jini. Kalmar farko ta sunan, wazzou, tushenta ɗaya da wa'azi na Hausa, dukansu aro ne daga Larabci. Wato tun daga suna mai fim ɗin ya nuna cewa nasiha yake yi wa masu yi wa wasu nasiha. A 1972, shekarar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, wannan fim ne ya lashe ta. Ɗan Nijar ne, ke nan, ya buɗe jerin waɗanda suka ɗauki wannan kyauta. Saïtane, wanda ya biyo baya, ya ɗauki sunansa daga Shaiɗan, kuma ya tona asirin malamin tsibbu da ke amfani da yardar jama'a yana haɗa matar aure da wani mai kuɗi. Ba addini Umaru yake suka ba. Abin da yake ƙyama shi ne mutumin da maganarsa ta saɓa da aikinsa, ko wace irin riga ya sa.

Wannan damuwa ce ta fito fili a babban fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, na 1980. Wani jakada da ke gudun hijira a Turai yana ba abokansa tatsuniyar wata masarauta inda magana ke da nauyin rai. Samari biyu sun furta cewa da za a ba su ƴaƴan sarki su aura, sun yarda a sare kawunansu bayan shekara guda. Sarki ya ji, ya aurar musu, da wa'adi ya cika kuma ya nemi a cika alƙawari. Mutumin da ya shiga silima ta hanyar zuba magana a kan hotunan wani, ya rufe aikinsa da tambayar mene ne farashin kalmar da ta fita daga baki.

Ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairu 1981, sakamakon ciwon zuciya. Bayan rasuwarsa aka sa wa cibiyar al'adun birnin sunansa, FESPACO kuma ta ƙirƙiro Kyautar Umaru Ganda, wadda ake ba wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko.

Ga ɗalibin harshe, finafinansa taska ce da ba a gama buɗewa ba. A Moi, un Noir akwai Faransancin ƴan ci-ranin Afirka ta Yamma na shekarun 1950, a bakin mai shi. A Cabascabo da waɗanda suka biyo shi akwai Zabarmancin Yamai na farkon ƴancin kai: gaisuwa, zambo, roƙo, faɗan kishiyoyi, da wuraren da Faransanci ke kutsowa cikin zance. Wanda ya zauna ya rubuta wannan magana kalma bayan kalma, ya fassara ta zuwa Hausa, zai yi wa harsunan Nijar hidima, kuma zai kai labarin Umaru ga kunnuwan da bai samu ya kai ba.