Bobby Benson: Ma'aikacin jirgin ruwan da ya saka Legas rawar samba da mambo

A Legas yanzu akwai jiragen ruwa na shaƙatawa da ke ɗibar mutane da yamma su zagaya da su bakin gaɓa, ana cin abinci ana sakin kiɗa, wani lokaci har da irin na ƙasashen Latin Amurka da ake kira salsa. Matasa da yawa na ɗaukar wannan kiɗa a matsayin sabon yayi da intanet ta kawo. Alhali kuwa ya fi shekara 70 da samun gindin zama a birnin, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka dasa shi wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne mai suna Bobby Benson.

Sunansa na yanka Bernard Olabinjo Benson. An haife shi ranar 11 ga Afrilun 1922 a garin Ikorodu da ke jihar Legas ta yanzu, a gidan da ake ganin girmansa. Yayansa, T.O.S. Benson, lauya ne kuma ɗan siyasa, wanda ya riƙe muƙamin ministan yaɗa labarai a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan gida ba ya fatan ɗansa ya zama makaɗi, domin a Legas ta wancan zamani ana yi wa mai kiɗan gidan rawa kallon mashayi marar sana'a, kamar yadda a ƙasar Hausa aka daɗe ana ajiye makaɗi a sahun maroƙa komai ƙwarewarsa.

Tun yana makaranta ya koyi ɗinki. Da ya gama sai ya ɗan taɓa dambe, daga nan ya shiga aikin jiragen ruwan dakon kaya a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Aiki ne na sayar da rai a lokacin. Jiragen yaƙin Jamus na farautar jiragen kasuwanci a tekun Atlantika, kuma a shekarar 1940 kaɗai kamfanin Elder Dempster, wanda ya mamaye zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma, ya rasa manyan jiragensa na fasinja guda biyu, Accra da Apapa.

A 1944 Benson ya sauka daga jirgi a Landan, bai koma ba.

Yadda kiɗan Kyuba ya riga shi isowa

Kafin a fahimci abin da Benson ya yi, sai an san yadda wannan kiɗa ya shigo Najeriya tun farko, kuma labarin ya shafi manoman Arewa ta wata fuska.

Gyaɗar da ake nomawa a yankunan Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa a zamanin Turawa, Kano ake kai ta a jibge a dalar gyaɗa, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. Jiragen da ke fita da gyaɗa da auduga da fatu ba sa dawowa wayam. Cikin kayan da suke saukewa akwai garmaho da fayafayansa. Daga shekarar 1933 kamfanin His Master's Voice na Ingila ya fara buga wani jerin fayafayai masu lambar GV musamman don kasuwar Afirka, galibinsu kiɗan ƙasar Kyuba ne. Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne El Manisero, waƙar da ƙungiyar Don Azpiazu ta ɗauka a New York a 1930. Abin dariyar shi ne ma'anar sunan: mai tallar gyaɗa.

Fayafayan sun karɓu daga Dakar har Kinshasa, kuma dalilin a fili yake. Kiɗan Kyuba ya ginu ne a kan abin da bayin da aka kwasa daga Afirka suka tafi da shi. Ƙashin bayansa wani bugu ne na sanduna biyu da ake kira clave: bugu uku, a ɗan dakata, sannan bugu biyu, a yi ta maimaitawa. Wanda ya saba jin kuge ko ƙararrawar makaɗan Afirka ta Yamma zai gane ɗan gida ne ya je yawon duniya ya dawo da baƙon kaya. Mutane ba sa jin Sifaniyanci, amma ƙafarsu na jin kiɗan.

Legas kuma tana da wata tsohuwar alaƙa da wancan ɓangaren teku. A ƙarni na 19 'yantattun bayi sun riƙa dawowa daga Brazil da Kyuba suna zama a unguwar Popo Aguda. Wasunsu Musulmi ne, domin a Bahia ta Brazil akwai Hausawa da Yarabawa Musulmi masu yawa, waɗanda suka yi ta yi wa masu bautar da su bore, ciki har da babban tawayen 1835. Waɗannan da suka dawo sun zo da salon gini da abinci da bukukuwan kan titi da gangunansu.

Landan, da matar da ta canza masa hanya

Landan da Benson ya tarar cike take da baƙaƙen fata daga ƙasashen da Ingila ke mulka: sojoji, ɗalibai, ma'aikatan jirgi. A gidajen rawa na unguwar Soho ɗan Legas na haɗuwa da ɗan Trinidad da ɗan Jamaika. Wani ɗan Najeriya da shi ma ta jirgin ruwa ya isa can, Ambrose Campbell, ya kafa ƙungiyar West African Rhythm Brothers. A daidai wannan lokaci kuma wani ɗan asalin Trinidad, Edmundo Ros, shi ne sarkin kiɗan rumba da samba a Ingila, har 'yan gidan sarauta na zuwa rawa a wurinsa. A riƙe wannan suna, zai sake fitowa.

Benson ya fara hawa dandamali ne tare da wata ƙungiyar raye-raye ta baƙar fata, wadda ya zagaya manyan biranen Turai da ita. A nan ya ga yadda ake shirya wasa daga farko zuwa ƙarshe: sutura, fitilu, shigowa da fita, da yadda ake riƙe hankalin mai kallo. A can kuma ya haɗu da Cassandra, 'yar rawa ruwa biyu, jinin Scotland da yankin Karibiyan, suka yi aure.

A 1947 suka dawo Najeriya suka kafa ƙungiyar wasa mai ɗauke da sunayensu biyu, Bobby Benson and Cassandra Theatrical Party. Shi yana kaɗa jita yana busa saksafon, ita tana rawa, ana haɗawa da barkwanci da ɗan wasan kwaikwayo. Da ya ga kiɗan ne ya fi jan jama'a, sai ya kafa ƙungiyar kiɗan rawa zalla mai suna Jam Session. Abin da suke kaɗawa da farko kusan duk na waje ne: swing da jive na Amurka, samba ta Brazil, kalifso na Trinidad. Ana kuma danganta shi da kasancewa cikin na farkon da suka yi amfani da jita mai lantarki a Najeriya.

Daga kwaikwayo zuwa na gida

Da Benson ya tsaya a nan, da yanzu ba a tuna shi sai a matsayin gwanin kwaikwayon kiɗan wasu. Abin da ya juya shi ya zo ne daga Gana. A farkon shekarun 1950 E.T. Mensah da ƙungiyarsa Tempos suka fara zuwa Najeriya da salon Highlife, wanda ya haɗa kayan busa irin na badujala da gangunan Kyuba da karin waƙoƙin gida. Jama'a suka yi ca a kansu. Benson ya karanci kasuwa da wuri. Ya faɗaɗa ƙungiyarsa zuwa mutum 11, ya ƙara masu busa ƙaho, ya koma yin Highlife da Yarabanci da Turancin buroka.

Waƙar da ta fara fito da shi sosai ita ce Taxi Driver. Maganarta mai sauƙi ce: mace ta zaɓi wani, mai waƙar na nuna ko a jikinsa, ko da direban tasi za ta aura. Ƙarfinta shi ne ta ɗauko mutumin kan titi ta saka shi a waƙar da manyan ma'aikata masu kwat ke rawa da ita, kusan irin abin da Ɗanmaraya Jos ya yi daga baya da waƙarsa ta karen mota. Har yau ana sake rera ta. Bayanta akwai Gentleman Bobby da Nylon Dress da wasu.

Sai kuma Niger Mambo, wadda sunanta kaɗai ya ba da labarin tafiyar. Mambo salo ne na Kyuba da Pérez Prado ya yayata a duniya a ƙarshen shekarun 1940. Benson ya ɗauke shi ya ɗora a kan nasa karin. Shahararren mai kaɗa fiyano na Amurka, Randy Weston, wanda ya ziyarci Legas a farkon shekarun 1960, ya saka ta a kundinsa na 1963, sannan mai busa saksafon Stanley Turrentine shi ma ya ɗauke ta. Wato kiɗan da ya bar Afirka a cikin jiragen bayi, ya dawo a faifan garmaho, ya sake tsallaka teku karo na uku, wannan karon da sunan ɗan Ikorodu a jikinsa.

Makarantar da ba ta da allo

Idan ana maganar gadon Benson, waƙoƙin ba su kai mutanen da ya yaye nauyi ba. Victor Olaiya, Roy Chicago, Eddie Okonta, Zeal Onyia, Bayo Martins, daga baya kuma Victor Uwaifo, duk sun bi ta ƙungiyarsa. Zama da shi ba sauƙi. An san shi da tsauri da saurin fushi, kuma tsohon ɗan dambe ne. Wannan na cikin abin da ya sa yaransa ba sa daɗewa: da mutum ya ƙware sai ya ware ya kafa tasa. Olaiya ya fita a 1954 ya kafa Cool Cats, kuma a wannan ƙungiya ce wani matashi mai suna Fela Ransome-Kuti ya fara gwada muryarsa. Idan aka bi salsala, Afrobeat jikan Jam Session ne.

Arewa ma ba a bar ta a baya ba. Bala Miller, ɗan asalin Zariya, a wannan duniyar kiɗa ta Legas ya goge kafin ya zo ya riƙa yin irin wannan salo da Hausa, har ya samu shirinsa a gidan talabijin na NTA.

Rigimar daren samun 'yanci

Benson na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata wajen kafa ƙungiyar mawaƙan Najeriya, domin a lokacin mai otal ne ke da kayan kiɗa, shi ke yanke albashi, shi ke kora idan ya ga dama. Ƙungiyar ta gwada ƙarfinta a 1960. Ana shirin bikin samun 'yancin kai, sai labari ya fita cewa za a gayyato Edmundo Ros daga Landan ya yi kiɗa a babbar liyafar rawa ta ƙasa. Mawaƙan Legas, ciki har da waɗanda suka taso a hannun Benson, suka fita zanga-zanga suka kai kokensu ga gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Hujjarsu ita ce ƙasar da ke murnar kuɓuta daga Ingila ba za ta yi hayar makaɗi daga Ingila a wannan dare ba. Gwamnati ta saurare su, aka ba Victor Olaiya aikin.

Akwai abin lura a nan. Mutanen da suka ƙi Ros su ne waɗanda suka koyi sana'a da sauraron irin fayafayansa, ɗaya daga cikin manyansu ma, Chris Ajilo, sunan ƙungiyarsa Cubanos. Ba su da matsala da kiɗan Latin Amurka. Rigimar a kan wanda zai hau dandamali ne da wanda zai karɓi kuɗin. A wannan shekara a Kongo, Joseph Kabasele ya yi waƙar murnar 'yancin ƙasarsa da salon cha-cha-cha na Kyuba, ba wanda ya ce baƙuwa ce.

Caban Bamboo da shekarun ƙarshe

Benson ya magance matsalar mai otal ta hanyar zama mai otal da kansa. Ya buɗe gidan rawa na Caban Bamboo a kan titin Ikorodu, wanda daga baya ya zama Hotel Bobby. Wurin ya zama matattarar 'yan siyasa da 'yan jarida da baƙin mawaƙa, kuma ya ƙulla abota da irin su B.B. King na Amurka da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu. Kaɗan ne daga cikin tsararrakinsa suka mallaki wurin da suke wasa.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya kasuwar Highlife a Legas. Da yawa daga cikin ƙwararrun masu busa 'yan Gabas ne, suka bar birnin. Kiɗan juju na Ebenezer Obey da Sunny Ade ya cike gurbin, Fela kuma ya zo da nasa. Benson ya koma ga abin da ya faro da shi a 1947. A shekarun 1970 yana da shiri a talabijin inda yake haɗa waƙa da barkwanci da wasan rufa-ido, kuma masu kallo da yawa na wannan zamani sun fi saninsa da ban dariya fiye da kiɗa.

Ya auri mata fiye da ɗaya, ya haifi 'ya'ya 10, cikinsu akwai Tony Benson da ya gaje shi a kiɗa. Ya rasu a Legas ranar Asabar 14 ga Mayun 1983, yana da shekara 61.