Fafaroma Innocent na Uku: Ya tara runduna don Ƙudus, ta wawashe Kustantiniyya

An haifi Lotario a Italiya wajen shekarar 1160, ya yi karatu a Paris. A watan Janairun 1198 aka zaɓe shi Fafaroma yana ɗan shekara 37, ya ɗauki sunan Innocent na Uku.

A lokacin, shekara 11 ke nan da Salahuddin al-Ayyubi ya karɓe Ƙudus. Kafin shekarar ta ƙare, sabon Fafaroman ya yi shelar yaƙi don ƙwato birnin.

A 1201 shugabannin yaƙin suka yi yarjejeniya da birnin Venice: jiragen ruwa na ɗaukar mayaƙa 33,500, a kan azurfa mark 85,000. Da lokaci ya yi, waɗanda suka hallara ba su kai rabi ba, bashi ya hau kansu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shugaban Venice, Enrico Dandolo, ya ce zai ɗaga musu ƙafa idan suka ci masa Zara, garin Kirista. Innocent ya hana, suka yi kunnen ƙashi, suka ci garin a Nuwamban 1202. Ya kore su daga coci, daga baya ya yafe wa waɗanda ba 'yan Venice ba.

Sai ga yarima Alexios, ɗan sarkin Rumawan Gabas da aka tsige. Ya yi alkawarin mark 200,000 da miƙa cocin Girkawa ƙarƙashin Roma idan aka maido da gidansu kan mulki. Innocent ya sake gargaɗi, rundunar ta nufi Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau.

Alexios ya hau gadon sarauta a 1203, ya kasa biya, aka kashe shi. A Afrilun 1204 mayaƙan suka fasa birnin, suka kwana uku suna kisa da ganima, har cikin cocin Hagia Sophia.

Da farko Innocent ya yi murna, yana ganin coci ta haɗe. Da cikakken labari ya iso, ya yi tir da abin, amma ya amince da sabuwar daular. Rundunar ba ta taɓa isa Ƙudus ba.

Ya rasu a Perugia a Yulin 1216. Rumawa sun ƙwato birninsu a 1261, sai dai ƙarfinsu bai dawo ba har Sultan Muhammad al-Fatih ya ci shi a 1453.