Vladislav Kraevsky: Likitan da ya fito da ma'aunin hatsi daga kasuwa zuwa fagen horo

An haifi Vladislav Kraevsky a birnin Warsaw a shekarar 1841. Ya karanci likitanci, sannan ya zauna a St. Petersburg. A zamaninsa, girya, wato dunƙulen ƙarfe mai mariƙi, ma'aunin hatsi ne a kasuwannin Rasha, mai nauyin kimanin kilo 16. Ƙarti kan ɗaga shi a bukukuwa domin nuna ƙwanji.

A watan Agustan 1885 ya kafa ƙungiyar masu ɗaga nauyi a gidansa. Yakan duba lafiyar ɗalibansa, ya riƙa ƙara musu nauyi sannu a hankali. A hannunsa George Hackenschmidt ya goge, har ya zama zakaran kokawa na Turai a 1898.

Kraevsky ya rasu a 1901. Daga baya rundunar sojin Tarayyar Sobiyat ta rungumi girya, domin ba shi da tsada, ba ya cin wuri, kuma yana gina ƙarfi da juriya a lokaci guda. Sayen ƙarfen abu ne mai sauƙi ga kowace rundunar soja. Abin da ke hana kurtu nakasa shi ne ƙa'idar likitan: a san jikin mutum kafin a ɗora masa kaya.