Waliyyi Ogustin, Malamin da Bai Gudu Ya Bar Jama'arsa Ba

Ran 28 ga watan Agusta, lokacin da gero ke fid da kai a Yekuwa da sauran karkarar Magarya da Dungas, Kiristocin Katolika na duniya su kan yi bikin tunawa da Waliyyi Ogustin. Mutumin nan ɗan Afirka ne, haifaffen ƙasar da yanzu a ke kira Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa.

An haife shi ran 13 ga Nuwamba 354 a garin Tagasta, watau Suk Aharas ta yau, zamanin mulkin Rumawa. Mahaifinsa ba mai wadata ba ne, har yaron ya shekara guda zaune gida don rashin kuɗin makaranta, sai da wani attajirin garin ya ɗauki nauyinsa zuwa birnin Kartaj. Can ya ƙware wajen fasahar magana, amma ya bar addinin mahaifiyarsa Monika, ya bi aƙidar Mani shekara tara. Ita kuwa ba ta fasa yi masa addu'a ba.

A 384 aka ba shi babban muƙamin koyarwa a Milan ta ƙasar Italiya. Wa'azin Amburos, shugaban Kiristocin birnin, ya ratsa shi. Ya ajiye muƙamin, aka yi masa baftisma a 387. Cikin shekarar nan Monika ta rasu, bayan ta ga abin da ta daɗe tana roƙo. Ran 27 ga Agusta a ke tunawa da ita, kwana guda kafin ɗanta.

Da ya komo Afirka sai ya sayar da gādonsa ya raba wa matalauta. A 391 mutanen Hippo, watau Annaba ta yau, suka matsa aka naɗa shi limami, daga bisani ya zama shugaban majami'ar birnin. Ya kan yini yana raba gardama tsakanin masu ƙara, ya kan narkar da kwanonin majami'a na alfarma don fansar kamammu. Duk da haka ya rubuta littattafai masu yawa, cikinsu har da «Birnin Allah», mai kashi 22, wanda ya fara bayan an washe Rum a 410.

A 429 mayaƙan Bandal suka ƙetaro daga Sipaniya suna cin garuruwa. Da aka tambaye shi ko limamai su gudu, ya nuna musu cewa bai halatta ba muddin da sauran jama'a a gari. Shi ma bai motsa ba sa'ad da aka kewaye Hippo. Cikin wata na uku na ƙawanyar zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ran 28 ga Agusta 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, don ba shi da abin da za a gāda. Littattafansa kaɗai ya ce a tsare, har yau kuwa ana karatunsu.